Wayar Alhaji Ilu

Shekara talatin yana sayar da shinkafa,
bai taɓa sayar da fuskarsa ba.
Injinsa na can bayan Ƙofar Ƙaura,
inda ƙaiƙayi ke kwana a gira,
inda tiya ke magana, ba baki ba.

Ni ce ɗiyar ƙanensa, mai riƙe littafin bashi.
Ni na ce, Baba, matso kusa da buhu.
Ya ce, “Yo mi za a kalla jikin tsoho?”
Na ce, hannunka kaɗai.
Ya tsoma, ya ɗebo, ya bar ta tana zuba,
fara sol, ba ɓuntu, ba tsakuwa.
Daƙiƙa sha biyu. Na saka, na koma kan lissafi.

Kafin Juma’a ta zagayo
Maraɗi ta kira, Gusau ta kira,
wata mai girkin biki a Funtuwa ta ce buhu arba’in.
Ya ɗauki yara shida aiki,
ya biya manoman Ajiwa tun ba su yi tari ba.
Ya ce, “Ashe kasuwa ta tashi ta koma aljihu.”

Sai ya karɓe wayar.

Nan ya koyi ƙidayar da ba ta kuɗi ba:
nawa suka kalla, nawa suka yaba.
Tuwo na sandarewa a kwano,
shi yana amsa gaisuwar wanda bai san kakansa ba.
Ya nuna sabuwar mota.
Ya nuna ƙofar gida, har da darbejiyar da ke gabanta.
Ya nuna jikansa Sada, goye da jakar makaranta.

Wani dare wata ta rubuta:
“Na tsinci tsakuwa uku a shinkafarku.”
Uku fa, ba talatin ba.
Da a rumfa ne, da ya yi dariya, ya ƙara mata tiya.
Amma ƙarfe ɗaya ne na dare,
ga hawan jini, ga babban yatsa a sake.
Ya rubuta: “Wanda bai saba cin mai kyau ba,
haƙorinsa ke masa ƙarya.”
Da asuba ya goge.
An ce magana zarar bunu,
to wannan bunun
mutum dubu sun riga sun ɗauki hotonsa.

Funtuwa ta yi shiru.
Yara shida suka koma huɗu.
Sai ga baƙuwar lamba, murya a sanyaye,
ba ta tambayi farashi ba:
“Alhaji, mota ta yi kyau.
Yaron ma, masha Allah, ya girma.”

Hannun nan da ya ɗaga buhu tun yana saurayi,
ranar na ga yana rawa.
Kafin magariba an kai Sada Daura, wurin gwaggonsa.
Motar ta shiga rumfa, aka lulluɓe ta da tamfal.

Ya nemi matar. Malamar jinya ce, can wajen Ƙofar Sauri.
Ya je da kansa, buhu a bayan a-kori-kura,
ya tsaya bakin zaure, kansa ƙasa.
Ta ce, “Tsakuwar ba ta kai maganar zafi ba.”
Na ɗaga waya, na ce, Baba, in ɗauka?
Ya ce, “Aje. Wannan ba na kallo ba ne.”

Yanzu wayar ta dawo jakata.
Abin da duniya ke gani: hannu, buhu, farashi,
da ranar da mota za ta tashi.
Funtuwa ta dawo, da buhu sha biyar.
Sada bai dawo ba tukuna.

Amma wani lokaci, in inji ya mutu,
in ƙaiƙayi ya lafa,
sai ya matso kamar mai neman biro,
ya dubi bango, ya ce,
“Na jiya, mutum nawa?”

Sai in ce, Baba, buhu tara.